Iskar Manyan Gari a Babur ɗin Ɗanjuma

Kai Nura, ajiye wayar nan ka matso. Kai ma Sadiku jawo benci. Na ji abin da kuke faɗa ɗazu ina sallame salla, wai aikin shokozoba, mai hana babur jin gargada, ba aiki ba ne, kwance noti biyu ne ka cire tsohuwa ka ɗaura sabuwa. Har da wani "simpul" da Nura ya ɗora a kai da Turanci. To ba laifinku ba ne. Kun tashi kun tarar ana sayar da shokozoba a kwali kamar sabulu, in ta mutu a jefar. Mu a zamaninmu ba a jefar da ita, jinyarta ake yi. Tunda babu aiki a gabanmu yanzu, bari in ba ku labarin wadda ta kusa raba garinmu gida biyu.

Ni ban shiga sana'ar nan da ƙuruciya ba. Ina da gemuna da matata na je wurin maigidana Garba Makaniki a Kura, bayan noman tumatir ya karya ni. Rumfarsa tana bayan injin casar shinkafa, duk abin da ka ajiye sai ɓuntu ya rufe shi. Kayan aikinsa ba su cika akwatin ƙarfe ɗaya ba: sifanu da suka sha duka har lambarsu ta goge, filaya, sukudireba, guduma, da wani tsohon kwanon sha da yake zuba kananzir yana wanke ƙananan ƙarafa. Na zaci ranar farko zai miƙo mini sifana. Sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Jikinka daidai ne, ba ƙiba ba rama. Hau nan." Aikina na farko ke nan, zama. Duk babur ɗin da aka kawo sai in hau baya in zauna, shi kuma ya tsuguna ya sa yatsu tsakanin taya da madigadi ya ga yadda ya sauka. In ya ce tashi in tashi, in ya ce faɗo in faɗo. Matata ta tambaye ni me nake koyo a Kura, na ce zama. Ta ce ai da a gida na yi abina, ba sai na sha rana a hanya ba. Amma a zaman nan na koyi abin da nake ci da shi har yau, domin sai da mazaunaina suka san shokozoba mai rai da matacciya kafin hannuna ya sani.

Ranar da Ɗanjuma ya shigo da babur ɗinsa rumfar, maigida da kansa ya miƙe tsaye. Ɗanjuma ɗan garinmu ne, yana gadin ƙofar ruwa a babban kanal, kuma ya sayi babur ɗin ne a hannun wani Bature injiniya da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Baƙi ne, ƙato, in ya yi gurnani sai ka ji a ƙirjinka. Abin da ya ɗaure wa maigida kai shi ne shokozobar baya. Guda biyu ne kamar na kowane babur, amma wani siririn bututu ya haɗa su, ya zo ya ƙare a bawul ɗaya a gefen kujera, irin bawul ɗin taya sak. Baturen ya haɗa wa Ɗanjuma da ɗan famfo, tsawonsa bai wuce gaɓar rake biyu ba, da tiyo a bakinsa da geji mai auna iska. Gejin tun a hanya ya faɗi, allurarsa ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Abin da Ɗanjuma ya riƙe daga bayanin Baturen, wanda rabinsa da hannu aka yi shi, abu biyu ne. Mai nauyi a ƙara masa iska, mara nauyi a rage. Sannan ko da wasa kada a kai shi wurin mai faci a jona masa injin iska.

Maigida bai kwance ta ba, ya ce ba ya buɗe cikin abin da ba shi da madadinsa. Da kunne da yatsa ya gane ta, ya kuma koya mini. A ciki akwai mai, akwai sifirin, sannan a saman man akwai ɗan wurin iska wanda bai kai cikin ludayi ba. Iskar nan ita ke taimakon sifirin ɗaukar kaya. Abin da ke riƙe mai da iskar kada su fita kuwa wata 'yar roba ce kamar zobe, mu muna ce mata sil, kowace shokozoba da nata ɗaya. In iska ta yi yawa babur ya sandare, mahayi ya yi ta tsalle, ƙarshe sil ya fashe. In ta yi kaɗan aka ɗora mai nauyi, ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe, shi ma ya cinye sil ɗin. Tunda babu geji, da bugu muke auna ta. Mutum irina bugu biyu, mai jiki uku ko huɗu, ka danna kariyar ɗora kaya ta baya da tafin hannu ka ji, ka ɗiga yawu a bakin bawul ka ga ko yana kumfa. Kuma da sanyin safiya ake yi, don in ƙarfen ya yi zafi iskar ciki ƙaruwa take da kanta.

Da maigida ya yaye ni na dawo garinmu na kafa rumfa a gindin tsamiya, daidai gadar kanal. Ku yanzu kun ga adaidaita sahu na shiga har ƙofar gidajenku. A lokacin, cikin shekarun tamanin ɗin nan, kwalbatin hanyarmu ya karye, da damina ta sauka mota ba ta shigowa. Sai dai ka bi kan gaɓar kanal, hanya siririya mai gargada, ruwa a dama gonakin shinkafa a hagu. Akwai ƙananan babura a gari, amma in ka ɗora mara lafiya a kansu kafin a kai Kura sai ciwon ya zama biyu. Babur ɗin Ɗanjuma kaɗai ke tafiya da mutum luf. Don haka wanda maciji ya sara, da mai karaya, da matar da haihuwa ta zo mata da gardama, duk shi ake nema.

Sai ga muguwar shekara. Aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan gyara suka ɓace daga kasuwa, fulogi ma sai ka wanke tsoho ka mayar. Na shiga birni na zaga duk inda ake sayar da kayan babur ina neman sil ɗin shokozobar nan don mu ajiye. Wani mai shago da na kwatanta masa ya kira maƙwabcinsa ya ce in maimaita, don shi ma ya yi dariya. Na dawo na ce wa Ɗanjuma, "Zoben roba biyun nan da ke jikin babur ɗinka su ke nan a duk ƙasar Kano. Ranar da ɗaya ya fashe, ranar babur ɗinka ya zama jaki, marasa lafiyar garin nan kuma sai dai a sa su a amalanke." Ya ce Allah ya tsare. Na ce amin, amma mu ma mu tsare.

Aikin da ya jawo mana fitinar ƙarami ne ƙwarai. Wata safiya Alhaji Sabo, dillalin tumatir, zai fita bakin titi wurin manyan motocin kudu. Alhaji Sabo mutum ne wanda in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya riƙe wani abu. Na jona tiyo na fara bugawa, masu zaman rumfata kuma, waɗanda ba su da aikin da ya wuce kallon nawa aikin, suka shiga ƙirgawa da ƙarfi. Da na tsaya a biyar suka yi shewa, wani ya ce, "Lallai Alhaji manya." Alhaji Sabo ya gyara hula, ya hau, suka tafi.

Washegari Mai unguwa zai je Bunkure. Shi kuwa dattijo ne dogo, siriri, duk jikinsa babbar riga ce. Na sace iskar jiya, na buga masa biyu, na cire tiyo. Masu ƙirga suka tsaya a biyu. Mai unguwa ya riga ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ya mayar da ita ƙasa, ya juya yana kallon ruwan kanal. Ƙanensa ya matso kusa da ni.

"Iro, ina jin ba ka gama ba."

Na ce, "Na gama. Daidai jikinsa ke nan."

Ya ce, "Jiya a nan aka yi wa Sabo biyar, kowa ya ji. Sabon nan da uban Mai unguwa ya ba ubansa filin gida. Yau kuma a gaban jama'a ka ce Mai unguwa biyu?"

Na ce, "Ai ba girma nake aunawa ba, nama nake aunawa."

Ya ce, "To wannan kuma kai ka sani. Mu dai kunnenmu biyu ya ji."

Na dubi Ɗanjuma, Ɗanjuma ya dubi sama. Haka na mayar da tiyo na yi ta bugawa har na wuce na Alhaji Sabo da ɗaya, ina yi ina jin abin a haƙorina. Suka kama hanya. Muna hango su daga gada, babur yana tafiya a ƙasa, Mai unguwa yana tafiya rabi a sama. Hularsa ta faɗa kanal tun kafin su sha kwana. Da yamma ya dawo ya ciji harshe, yana tafiya a karkace, amma fuskarsa fal murna. Ya ce wa mutane, "Haka hawan manya yake, ba kowa zai iya ba."

Daga ranar garinmu ya samu sabon ma'aunin mutane. Aka daina cewa wane yana da gona kaza, sai a ce wane bugu nawa ne. Mutumin da ba shi da inda za shi sai ya ƙirƙiro gaisuwar mutuwa a Kura don kawai a buga masa a gaban rumfa. Tanko wanzami ya taɓa zuwa da duwatsu cike da aljihun rigarsa don in ji shi da nauyi, na gane ne da ya hau suka yi ƙara. An je neman aure wani gida, kawun yarinya ya tambaya ko an taɓa buga wa uban yaron fiye da uku. Na yi bayani har muryata ta dishe. Na kawo buhun shinkafa da buhun ƙaiƙayi na gwada musu a kan babur. Suka kalla da kyau, suka gyaɗa kai, sannan wani ya ce ai dama shinkafa ta fi ƙaiƙayi daraja, shi ya sa ake ƙara mata.

Wata safiya na shafa shokozobar hagu na ji danshi. Mai ne, kaɗan, kamar gumi. Na nuna wa Ɗanjuma yatsana na ce, "Ka gani? Ya fara kuka. Ka hana su." Ya ce, "Iro, ni zan tsaya gaban Mai unguwa in ce Alhaji Sabo ya fi shi? A ina zan kwana?" Gaskiyarsa ne. Ni ma ban iya ba, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Ana cikin haka Malam Babba ya karye. Malam Babba shi ne mai makarantar garinmu, kusan duk wanda ya iya Fatiha a garin a gabansa ya koya, ni ma haka. Tsoho ne ƙanƙani, in ka ɗauke shi ba zai fi damin dawa ba. An yi ruwa da asuba, ya je duba gonarsa, ya zame a kan katakon tsallake ƙaramin kanal, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata. Maɗorin gari ya ɗaure da kara ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai asibitin Kura. Aka kawo Malam rumfata, aka ɗora shi bayan Ɗanjuma, aka ɗaure su tare da rawaninsa. Ni kuma tun kafin su iso na saita iskar daidai shi, bugu ɗaya tak, yadda ƙafar ba za ta ji hanya ba. Na ce Ɗanjuma ya buga kik ya tayar da babur.

Sai Malam Ya'u, babban ɗan Malam, ya dafa kan babur. Ya ce, "Ba a buga wa Malam ba."

Na ce, "An buga tun ɗazu."

Ya ce, "Ba mu ji ba. Kuma duk abin da aka yi wa Mai unguwa, Malam ya fi ƙarfin nan. Kawo famfon, ni zan fara da hannuna."

Kafin in buɗe baki wani daga baya ya ce shi ma yana son ya samu albarka ko da bugu ɗaya ne. Shi ke nan, layi ya kafu. Ɗalibai, iyayen ɗalibai, Mai unguwa, Alhaji Sabo, Tanko wanzami, layi har kan gada. Ni na san in rabin mutanen nan suka buga, sil zai fashe tun a nan. In ma bai fashe ba, Malam zai yi tsallen Mai unguwa da karyayyar ƙafa har Kura.

Na ce to, amma ni zan riƙe bakin tiyo, don ba kowa ya iya ba. Na tsuguna a gefen babur, na dunƙule hannu a kan bawul kamar na jona, tiyon kuwa na zura shi cikin hannun rigata har hammata. Malam Ya'u ya yi bismilla ya buga. Iska mai sanyi ta ce fus a hammatata.

Yara, ni mutum ne mai jin cakulkuli. Tun ina yaro in aka nuna mini yatsa daga nesa sai in faɗi. Bugu na farko na cije leɓe. Kafin a kai ga Mai unguwa kafaɗuna suna rawa, na sunkuyar da kai, hawaye na zuba shar. Sai na ji wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, ku dubi Iro yana kuka saboda Malam." Nan take mata suka kama kuka. Alhaji Sabo ya zo ya yi nasa bugun da duk ƙarfinsa, wata ƙara ta kuɓuce mini kamar ta ɗan akuya, shi ma ya fashe da kuka ya dafa kaina yana cewa in yi haƙuri, Malam zai warke. Duk wannan abin Malam yana sama da ni daidai, a ɗaure, yana zufa don azaba, yana kallon ƙasa. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa haka, Allah ya yi muku albarka." Ɗanjuma ya ja babur. Malam ya isa Kura ƙafarsa ba ta motsa daga inda maɗori ya ɗaure ta ba.

Da aka sallamo shi na je gaishe shi a zaure. Ya jira kowa ya fita sannan ya ce, "Iro, yaya hammata?" Na rasa inda zan sa kaina. Ya yi dariya har ya riƙe ƙafa, sannan ya sa na yi masa bayanin mai da iska da sil tun daga farko. Da na gama ya ce, "Wato girmamawa za ta kashe mana babur." Na ce haka ne, Allah gafarta Malam. Ya ce in bar shi da su.

Ranar da zai koma asibiti a duba ƙafar, rumfa ta cika, mutane sun zo da shirin layi. Malam ya ɗaga murya ya ce, "Iro, na ji kunyar abin da aka yi mini wancan karon. Ni bawan Allah ne, ba kowa ba. Kada ka buga mini ko ɗaya, wadda ke ciki ma ka rage." Na sa tsinken ashana na danna ƙwayar bawul, ta ce tsss, na sake. Jama'a suka yi ta salati. Na koma gida ranar ina cewa Alhamdu lillahi, an gama.

Ashe an fara ne. Da Mai unguwa ya tashi tafiya sai ya ce shi ma a rage masa, a ma ɗara na Malam kaɗan. Wannan da sauƙi, jikinsa zai ɗauka. Sai ga Alhaji Sabo ya zo yana tafiya a hankali, ido a ƙasa, carbi a hannu. Ya ce, "Iro, sace ta duka. Ai duk garin nan babu wanda ya kai ni ƙanƙan da kai." Na ce, "Alhaji, in na sace ta duka ka hau, madigadi zai zauna a kan taya." Ya ce, "Ya zauna mana, shi ma ya koyi tawali'u." Na ruga wurin Malam na faɗa masa. Ya ce, "Ni na yi nawa rabin. Sauran naka ne, kai ne makaniki."

Abin da ya cece mu wushiryata ce. Ku kun tarar da bakina babu haƙoran gaba, amma a da ina da wushirya, kuma in na matse iska ta cikinta ba ka bambanta ta da bawul. Muka shirya da Ɗanjuma, duk wanda zai ɗauka sai ya faɗa mini tun da wuri, mu buga iskar da ta dace a bayan dangar gidansa. In an zo rumfa sai in tsuguna, in juya wa jama'a ƙeya, in ɗora tsinken ashana a gefen ƙwayar ba a kanta ba, in ce tsss da bakina. Kowa ya tafi da tawali'unsa, babur ya tafi da iskarsa. Wahalar ita ce mutanenmu ba sa barin abu haka nan. Suka koma auna tsawon ƙarar. Wanda aka daɗe ana sace masa shi ne babban mai tsoron Allah. In Alhaji Sabo ne sai na yi har na ga duhu-duhu, in tsaya in ce bawul yana hutawa, in ja numfashi in ci gaba. Haka muka ci sauran shekarar da wadda ta biyo ta, sil ɗin hagu yana guminsa amma yana riƙe.

Aikin ƙarshe da na yi wa shokozobar nan da tsakar rana ne, cikin damina, kasuwar Bunkure na ci. Wata yarinya mai cikin fari tun safe take naƙuda, abu ya ƙi, ungozoma ta ce a yi Kura da ita yanzu yanzu. Ɗanjuma ya dawo daga ƙofar ruwa ke nan shi kaɗai, iskar ciki ta mutum ɗaya ce, ƙarfen kuma da zafi. Babu lokacin zuwa bayan danga. Yarinyar ba za ta iya zama ita kaɗai ba, sai uwarta, Iya Abu, ta hau bayanta ta riƙe ta, Iya Abu kuma mace ce mai jiki. Mutum uku ke nan. Babur ɗin yana bukatar iskar da ban taɓa buga masa ba ko a zamanin girmamawa, a kan sil mai kuka. In ban buga ba za su zauna a kan taya a tsakiyar hanya. Dangin mijin kuwa sun kewaye ni suna cewa, "Sace, Iro, sace duka. Mu bayin Allah ne, yau muke neman rahama."

Na ce wa mata, "Haba, ku kare ta mana, maza na kallo." Suka kwance mayafai suka zagaye babur, suka juya baya, maza suka ja gefe. A cikin labulen nan na jona tiyo sosai, na kama bugawa da hannu, bakina kuma yana tsss don na waje. Ban taɓa yin biyun a tare ba, numfashina yana sarƙewa. Ina ɗaga kai muka haɗa ido da Iya Abu. Tana kan babur, ta rungume 'yarta, tana kallon famfon, tana kallon bakina. Na ce a raina shi ke nan, yau asirina ya tonu, za ta yi ihu su ƙwace famfon. Ta dubi yadda madigadi ke ɗagowa daga kan taya da kowane bugu. Sai ta ɗaga murya yadda na waje za su ji, ta ce, "Ƙara sacewa, Iro. Sace da kyau."

Na ƙara biyu, na danna kariya na ji ta tsaya daidai, na cire tiyo. Ɗanjuma ya ja.

Bayan la'asar muka hango shi daga gada yana turo babur da hannu, ƙafar wandonsa ta hagu jage-jage da mai. Sil ɗin ya kai su har ƙofar asibiti, suna sauka ya fashe. Na tare shi da gudu ina duban shokozobar, shi kuwa ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Namiji ne. Ita ma lafiya lau." Na zauna a kan gadar nan na yi kuka, wannan karon babu cakulkuli.

Babur ɗin bai ƙara tafiya luf ba. Muka yi masa walda muka ɗaura shokozobar ƙaramin babur, ya koma ɗaukar kwandunan tumatir har ya tsufa. Allah ya taimake mu da rani aka gyara kwalbatin, mota ta fara shigowa. Mutanen gari har yau cewa suke tawali'u ne ya kai yarinyar nan Kura. Iya Abu ba ta taɓa musa musu ba, amma duk inda muka haɗu, ko a gidan biki ne, in ta gama gaishe ni sai ta ce tsss a hankali ta wuce.

Ka daina zare ido, Nura, Iya Abu nawa ka sani a garin nan? Kakarka ce, yarinyar kuma Hajara ce, mahaifiyarka. Baƙin zoben robar nan da ke jikin makullin rumfa, wanda kake juyawa a yatsa tun da na fara magana, wanda shekaranjiya ka ce in jefar ka sayo mini mai kyau, shi ne sil ɗin hagu. Rataye shi a ƙusarsa in ka gama kallo. Ga wani can ya turo babur, daga yadda bayansa ke rawa shokozoba ce. Je ka hau baya ka zauna, ina zuwa.